Daga Lolo Zuwa Lete: Tsibirin da Littafin Haraji Ya Raba wa Gardama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Kwara a garin Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ya san cewa wuri ne da mutum zai yi sallar Azahar a Nijeriya, ya yi La'asar a Jamhuriyar Benin, kuma in ya samu jirgi mai inji, Magariba ta riske shi a Jamhuriyar Nijar. A can na samu kaina kwanakin baya da na je ta'aziyyar wani aminin mahaifina. Bayan an shafa fatiha an watse, sai na gangara bakin ruwa don in sha iska, inda na tarar da wani dattijo ɗan fito yana toshe ɓarakar jirginsa da tsumma. Muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi, sannan na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, “Baba, a cikin ruwan nan, ina ne daidai ƙasarmu ta ƙare?”

Tsohon ya yi dariya har ya ajiye abin da yake yi. Ya ce, “Ɗana, ai wannan tambaya ku 'yan boko za mu yi wa. Mu dai abin da muka sani, gungun da ka gani bana a nan, baɗi in ruwa ya ga dama sai ya ci gefensa ya kai wani wuri. In kana son sanin yadda ake raba ruwa, ka je ka tambayi mutanen Lete.”

Wannan magana ce ta sa da na dawo gida na koma kan tarihin tsibirin Lete, kuma abin da na gani a ciki shi ne dalilin wannan rubutu. Ko da yake tsibirin ba a Nijeriya yake ba, yana sama da mu kaɗan a kan ruwan da muke sha, mutanensa danginmu ne, kuma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari in fara da shimfiɗar wurin domin mai karatun da bai san yankin ba. Kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dendawa ke kira Isa Beri, wato babban kogi, ya taso ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, tsawonsa kimanin kilomita 4,180. Daga inda kogin Mekuru ya faɗa cikinsa har zuwa inda ya shigo Nijeriya ta wajen Dole Kaina da Lolo, tafiyar kimanin kilomita 150, shi ne iyaka tsakanin Benin da Nijar. A wannan tsakani akwai tsibirai 25, kuma babbansu shi ne Lete, wanda a takardun hukuma ake rubuta shi Lete Gungu. Kalmar gungu ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, domin daga gare ta Gungawan ƙasar Yawuri suka samo sunan da muke kiransu da shi. Tsawon tsibirin ya kai kimanin kilomita 16, faɗinsa kimanin 4, yana can sama da garin Gaya. A hannun hagu ƙasar Gaya ce ta jihar Dosso a Nijar, a hannun dama kuma ƙasar Karimama ce ta Benin. Mazaunansa 'yan dubbai kaɗan ne, akasarinsu Fulani makiyaya.

To, me ke cikin wannan ɗan yanki da har ƙasashe biyu suka shafe shekara 45 suna jayayya a kansa? Amsar tana cikin ɗabi'ar kogin. Sau biyu Kwara ke cika a wannan yanki. Akwai cikar damina, wadda ruwan saman da ya sauka a nan kusa ke haddasawa wajen watan Agusta da Satumba, ruwa mai laka da masana ke kira farin ruwa. Sannan akwai cika ta biyu, baƙin ruwa, wato ruwan da ya sauka a Gini tun da damina, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, ya tace, sai ya iso nan cikin tsakiyar sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Saboda haka a lokacin da tudu ya bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, tsibiran nan suna nan shar da burgu, ciyawar da ba abin da saniya ke so kamarta. Idan ruwa ya janye kuma, sai ya bar laka mai albarka ga manomi. Makiyayi na son wurin, manomi na son wurin, masunci ma yana da nasa rabo a gefe. Mai karatu ya san abin da ke biyo baya a duk inda kofato da fartanya suka haɗu a kan ƙasa ɗaya mai dausayi.

Kafin zuwan Turawa, wannan yanki ƙasar Dendi ce, inda ragowar sarautar Songhai ta ja daga bayan da rundunar Maroko ta ci ta da yaƙi a Tondibi a shekarar 1591. A wancan zamani kogi hanya ne, jama'a yake haɗawa. Fataken goro da ke tasowa daga Sakkwato da Jega zuwa Gwanja sukan ƙetare shi ta mashigan Illo da Gaya, gishirin Foga yana bin jirage zuwa kudu, Sarkawa masunta suna bin kifi daga wannan gungu zuwa wancan. Dendawa, Kyangawa, Bussawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa sun yi auratayya a gaɓa biyun tun kafin a haifi wanda zai zana taswira.

Sai zamanin rububin Turawa ya zo. A shekarar 1894 Lugga na Ingila da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi tseren isa birnin Nikki don neman sa hannun Sarkin Bargu, kuma zuwa 1897 Faransawa sun kafa sansani a Bussa da Illo. Saura ƙiris manyan dauloli biyu su gwabza a kan wannan bakin kogi namu, sai suka sasanta a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898. Faransa ta janye daga Bussa da Illo, ta riƙe Nikki, aka tsaga ƙasar Bargu gida biyu. Yarjejeniyar ta ce iyaka za ta taɓa kogi ne a wani wuri mai nisan mil 10 sama da garin Giri, mashigin Illo, sannan wata yarjejeniyar ta 1906 ta ƙara fayyace layin. Wannan shi ne asalin dalilin da ya sa yau mutumin Lolo ke riƙe da Naira, ɗan'uwansa na Madekali ke riƙe da Sefa.

Abin lura a nan shi ne, tamu iyakar tsakanin dauloli biyu masu gaba da juna aka yi ta, don haka dole aka zauna aka rubuta. Amma tsakanin Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar, duk gonar Faransa ce, ba wanda ya ga dalilin wahalar da kansa wajen tantance ko tsibiri kaza na wane ne. Aka bar abin a hannun kumandoji. Ranar 3 ga Yuli, 1914, kumandan Gaya, wani Bafaranshe mai suna Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na ƙetaren kogi wasiƙa, inda aka tsayar da cewa babbar hanyar da jirage ke bi ita ce za ta raba, kowane tsibiri ya bi gaɓar da ya faɗa wa. Bisa wannan lissafi Lete ya faɗa hannun Gaya. Shekara 40 ana tafiya a haka: daga Gaya ake zuwa rangadi, kuma can ake kai haraji. Sai ranar 27 ga Agusta, 1954, muƙaddashin gwamnan Nijar ya rubuta wata wasiƙa wadda ta nuna kamar iyaka tana gaɓar hagu ne, abin da ke nufin tsibiran sashen duk na Dahome ne. Wasiƙu biyu masu karo da juna, su Bature ya bari a cikin durowa ya kama hanyar gida.

Ruwa ba ya tsami banza. A daren 29 ga Yuni, 1960, ana saura wata ɗaya ƙasashen biyu su samu 'yancin kai, rikici ya ɓarke a tsibirin har mutum 4 suka rasa rayukansu. Dahome ta samu mulkin kai ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3 ga watan, kowacce ta gaji gardamar. A ƙarshen 1963, bayan sojoji sun tumɓuke Shugaba Hubert Maga a Dahome, dangantaka ta yi tsami ƙwarai: gwamnatin Jori Hamani ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a Nijar, Dahome kuma ta toshe hanyar kayan Nijar daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, aka jibge sojoji a bakin kogi. Sai a watan Janairu na 1965 aka zauna a Yamusukuro ta ƙasar Kwaddibuwa, aka amince mutanen ɓangarorin biyu su ci gaba da cin moriyar tsibirin tare har a samu mafita. Wannan kwantar da ƙura ne kawai, domin an sake samun hatsaniya a shekarun 1990, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a 1994, ya yi ta zama bai cimma matsaya ba.

Daga ƙarshe shugabannin lokacin, Tanja Mamadu da Matiyu Kereku, suka yi abin da ya cancanci yabo. Ranar 15 ga Yuni, 2001, gwamnatocinsu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan, kuma kowa zai karɓi hukunci ko da bai yi masa daɗi ba. Alƙalai 5 suka saurari ƙarar a ƙarƙashin Mai Shari'a Raymond Ranjeva, ɗan ƙasar Madagaska, suka yanke hukunci ranar 12 ga Yuli, 2005.

A nan nake roƙon mai karatu ya ƙara natsuwa, domin a nan darasin yake. Ƙa'idar da kotun ta bi ita ce wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da ita a Alƙahira a 1964, wato kowace ƙasa ta tsaya kan iyakar da ta gada ranar samun 'yanci. Benin ta kawo wata dokar mulkin mallaka ta 1900 da wasiƙar nan ta 1954, ta ce kogin duka nata ne har gaɓar hagu. Kotu ta duba ta ce babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ta kawo dokar da ta shata iyaka a fili. Tunda babu takardar mallaka, sai alƙalai suka koma ga tambaya ta biyu: wa ke gudanar da mulki a wurin a zahiri kafin 1960? Nan fa wasiƙar Sadoux, da rahotannin rangadi, da lissafin harajin da malaman ofishin Gaya suka yi ta rubutawa cikin zafi da sauro suka tashi suka ba da shaida. Kotu ta ce iyaka ita ce layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage, ta dogara da awon kogin da wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya yi a ƙarshen shekarun 1960. Nijar ta samu tsibirai 16 har da Lete, Benin ta samu 9. Benin ta haɗiye ɗacin, kuma a 2007 aka kafa tutar Nijar a tsibirin ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba.

Alal haƙiƙa, duk ɗan Nijeriyar da ya karanta wannan, zuciyarsa za ta tafi Bakassi. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, wannan kotu ta ba Kamaru Bakassi, duk da cewa mutanenmu ne ke zaune a wurin kuma hukumominmu ne ke mulkinsa, har aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta, 2008. Wani zai ce kotu ta yi baki biyu. Ni a ganina ba ta yi ba. A Bakassi akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin Ingila da Jamus ta 1913, kuma inda takarda ta yi magana, zama a wuri ba ya rushe ta. A Lete babu irin wannan takarda, sai aka koma ga littafin mai mulki. Ko ta wace fuska aka duba, wanda ya adana rubutu shi ya yi nasara, wanda ya dogara da “ai kowa ya san namu ne” ya koma gida hannu rabbana.

Yanzu sai mu dawo Bagudo. Wa ke riƙe da namu littafin? Na tambayi matasa masu digiri a Lolo da Illo ko sun taɓa jin labarin yarjejeniyar 1898, wadda ta yanke wa kakanninsu ƙasar da za su zama 'ya'yanta, ban samu wanda ya ce ya ji ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin ni ma ba a koya mini a makaranta ba. Rahotannin Turawan rangadi da taswirorin wancan zamani suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, suna fama da ƙura da gara. Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ya kamata a ce tana da tarin kwafen duk takardar da ta shafi iyakarta, daga Kangiwa da Kamba har zuwa Tsamiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai takarda rabin magana ce. Kotu na iya ba ka ƙasa, ba ta iya ba ka zuciyar mazauna cikinta. A ƙauyukan bakin iyaka na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: mai naƙuda da ake ɗauka a jirgi zuwa asibitin ƙetare domin shi ne mafi kusa, wayar hannu da ke kama layin maƙwabta kafin ta kama namu, tungar masunta da ba ta ganin jami'in gwamnati sai an kaɗa gangar zaɓe. Ban ce wannan zai sauya layin da ke kan taswira ba, ba zai sauya ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Harin da 'yan Lakurawa suka kai garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024 ya isa ya tuna mana cewa duk inda hukuma ta bar gurbi a bakin iyaka, akwai mai jiran cika shi, kuma shi ba ya zuwa kotu.

Akwai kuma darasi na uku, wanda mutanen Lete suka fi kowa saninsa. Hukuncin 2005 ya faɗi mai tsibiri, amma bai hana saniya bin burgu ba, bai kuma raba dangin da ke gaɓa biyu ba. Mun ga abin da ya faru da aka rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun kuma ga yadda bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, aka datse gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano na tsawon kilomitoci, talakawa suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale da kayansu a ka. Wanda ya tuna jirgin da ya nutse da mutum fiye da 100 a kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021 ya san kuɗin fiton da talaka ke biya idan jirgi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Manya na yin fushi a manyan birane, ɗan fito da fasinjansa ke kwana a ruwa.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ta haɗa hannu da Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa da Masarautar Gwandu a yi wa tsibirai da tungayen da ke cikin kogi, daga Lolo har Yawuri, cikakken lissafi: sunan kowane gungu, mai unguwarsa, yawan jama'arsa, da hakimin da yake bi. Jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato suna da ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da ke neman abin bincike, ga shi nan a ƙofar gida. A kuma yi hanzarin naɗar bayanan tsofaffi irin ɗan fiton nan, domin mun taɓa yin asarar tsibirai tun kafin Bakassi: da aka datse ruwa a Kainji a 1968, gungaye da dama na ƙasar Yawuri da Bussa, har da babban tsibirin Foge, sun nutse, aka tashi mutum sama da 40,000, kuma kaɗan ne daga tarihinsu ya samu shiga littafi. Bayan lissafi sai aiki ya biyo: makarantar da ke da malami, ɗakin shan magani da ke da magani, jiragen fito masu lafiya da rigunan kariya daga nutsewa. Hakiman Illo da Kaoje da takwarorinsu na ƙetare kuma a ba su dama su riƙa zama kafin kowace kaka su tsara mashigin shanu da lokacin girbi, kamar yadda iyayensu suka saba tun kafin a san fasfo.

Da zan bar bakin ruwa a ranar nan, dattijon ya gama gyaran jirginsa, fasinjoji sun fara shiga da buhunan shinkafa da jarkokin mai. Na ce masa, “Baba, in Allah Ya yarda zan nemo maka amsar tambayata.” Ya ce, “To ɗana, in ka samo ka rubuta ta, ka kawo jikokina su karanta mini.” Ga shi na rubuta iyakar abin da na samo. Sauran yana hannun waɗanda Allah Ya ɗora wa amanar jama'a. Allah Ya ba su ikon saukewa, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.